Abin da Na Naɗe a Tawul

Washegarin ƙaramar Sallah ne, a shekarar da azumi ya ƙare a tsakiyar bazara. Wanda ya san Bauchi a watan Afrilu ya san yadda duwatsun da suka kewaye garin ke shan rana tun hantsi, su yi ta amayar da zafin har bayan isha'i. Tun azumi na goma yara suka hana ni sakat da maganar Yankari. Na zauna na lissafa man tafiyar da ta haura kilomita 100, a bi ta Dindima a kai ƙofar Mainamaji, ga kuɗin shiga, ga guzuri, na ga aljihun da ya sha ɗinkin Sallah ba zai ɗauka ba. Sai na nemo musu madadi. Akwai wani otal a cikin gari mai kwamin ninƙaya, kowa ya biya sai ya shiga. Zan sakaya sunansa, don laifin da zan ba da labari nawa ne.

Yarana uku: maza biyu, mai shekara 9 da mai 6, sai Auta da a lokacin take da wata 14. Muna shirin fita uwarsu ta tsaya bakin ƙofa da yarinyar a hannu ta ce, "Abban yara, ka bar min wannan a gida. Tun shekaranjiya cikinta ke gudu." Na ce zawon haƙori ne. Ba ni na ƙirƙiro maganar ba, da safen nan Hajiyarmu ta taɓa dasashin yarinyar ta faɗi haka, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya ji ta sau ba adadi. Na ce ruwan sanyi ma zai yi mata daɗi, dubi yadda ƙurajen zafi suka feso mata a wuya. Ta yi shiru, ta sake mata sabon famfas, ta miƙo min ita da jakar kayanta.

A bakin ruwan akwai wani saurayi mai kula da wurin, siriri, da usur rataye a wuya, ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba. Ya karɓi tikitin, ya bar mazan suka wuce da gudu, sannan ya dubi Auta ya ɗan rusuna.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, wannan ba za ta shiga ba."

"Saboda me, samari? Na mutum huɗu na biya."

"Tana cikin famfas, Yallaɓai. Duk yaron da bai fara zuwa bayan gida da kansa ba, ba ma sa shi a ruwa. Ga shi can a rubuce."

Da na ce to, da a nan labarin ya ƙare. Amma akwai mutane a wurin, wasu sun san ni, kuma wani abu ya tsaya min a maƙogwaro: yaron da na kusa haifa ne zai hana ni a gaban 'ya'yana? Na fara zuba masa karatu. Na ce famfas ɗin sabo ne fil. Na ce ai ruwan ma warin magani yake, me zai rayu a ciki? Na ce kashin jariri ba ƙazanta ba ne irin ta manya. Da na ga bai motsa ba, sai na ɗauko babbar sanda, na ce, "Ko a addini, ruwa mai yawa ba ya najasa sai in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya. Ko kai ka fi malamai sani?" Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai haka aka ce masa. Na ɗaga murya har wani babba a wurin ya fito, ya gaishe ni da fara'a, ya dubi saurayin ya ce, "Ƙyale su, ranar Sallah ce. A gefen yara, minti goma." Na wuce ta gabansa ina jin kaina kamar wanda ya ci shari'a.

Famfas an yi shi ne don ya sha ruwa. Cikin minti biyu ya kumbura ya yi nauyi kamar an ɗaura mata buhun gishiri, robar da ke kama cinya ta saki. Ina riƙe da ita a ƙirji, ruwan iya ƙuguna, tana dukan saman ruwan da tafi tana ƙyaƙyata dariya. Sai ta tsaya cak. Ta ɗan yamutsa fuska, jikinta ya ƙage, irin yanayin da duk uba ko uwa ke ganewa ba sai an faɗa ba. Na dubi ƙasa na ga wani siririn zare ruwan ɗorawa yana warware a gefen hannuna. Kafin in ƙifta ido sau biyu ya baje ya ɓace, ruwa ya koma shuɗinsa tas. A gefen nan na yara akwai aƙalla goma sha biyar. Ina iya tuna wata 'yar yarinya da kitson Sallah da lalle, tana cika baki da ruwan tana fesa wa ƙanenta.

A nan ne ainihin abin da nake jin kunya. Gardamar farko jahilci ne da girman kai, kuma ana yafe wa jahili. Wannan kuwa da sanina na yi. Na fito a hankali, na ja tawul na naɗe yarinyar har ƙafa, na nufi mota. Saurayin ya biyo ni da ido ya ce, "Yallaɓai, lafiya dai?" Na ce, "Lafiya lau, sanyi take ji." Sanyi, a Bauchi, a Afrilu, da ƙarfe uku na rana! Na gyara ta a bayan mota, na ƙulle famfas ɗin a leda na cusa ƙarƙashin kujera. Kuma don kada ficewarmu ta gaggawa ta sa a zargi wani abu, na bar 'ya'yana maza a cikin ruwan nan har kusan rabin awa. Tsoron kada yaron nan ya ce "ai na faɗa" ya fi min nauyi a kan cikin 'ya'yan da na haifa, balle na wasu.

Bayan kamar mako guda mai shekara 6 ya fara. Zawo ne tsararo kamar an buɗe famfo, da murɗar ciki, ga ƙin abinci. Ya lafa kwana biyu ya dawo. Sai da muka haura kwana goma muna fama. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a ɓangaren yara. Ita ta zo ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta sa aka sayo ƙwayar zinki, ta nuna mana yadda za a riƙa ba shi da cokali ko yana ƙi. Tana cikin tambayar abin da ya ci da inda ya je, uwarsu ta ce, "Sai dai ki tambayi ƙanenki abin da na tsinta ƙarƙashin kujerar mota." Ashe ta gani tun ranar, ta haɗa lissafinta, ta yi shiru tana jira in faɗa da bakina.

Yaya ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Na yi ƙoƙarin kare kaina da cewa ai yaron zai iya ɗauka a gida ma, tunda ɗaki ɗaya suke kwana da Auta. Ta ce, "Ko a gida ko a ruwa, naka ne, kana da kuɗin magani, kuma kana da ni. 'Ya'yan mutanen da ka bari a ciki fa? Su wa suke da shi?"

Daga nan ta bi hujjojina ɗaya bayan ɗaya ta warware, kamar mai tsefe tsohon kitso. Ta fara da zawon haƙori, wanda ta ce shi ne ya fi kawo mata yara a galabaice, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa. Haƙori ba ya sa gudawa. Abin da ke faruwa shi ne lokacinsu ɗaya: daga wata 6 zuwa sama yaro ke fara rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki, an fara ba shi koko da ruwan randa, kuma garkuwar da ya gado daga jikin uwa ta fara raguwa. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga, sai a ɗora wa haƙori. Kashin yaro kuwa, wanda muke sharewa da tsumma mu watsa a kwata muna cewa ba komai, sau da yawa ya fi na babba ɗaukar cuta, don yaran ne suka fi kamuwa.

Sai maganin ruwa, wato kulorin, wanda na dogara da warinsa. Yana aiki, amma ba nan take ba, kuma ba a kan komai ba. Irin ƙwayar nan ta ikolai yana kashe ta cikin ƙasa da minti guda. Ta ciwon hanta nau'in A tana ɗaukar kusan minti 16, jiyadiya kuma kusan minti 45. Amma akwai wata ƙanƙanuwar halitta da likitoci ke kira kiriftosiforidiyam, a taƙaice kirifto (ba wanda samarin Wunti ke haƙa a waya ba), mai ɓawo kamar ƙwai, wadda kan yi fiye da mako guda a raye cikin ruwan da aka sa wa magani daidai ƙa'ida. Zawo guda na wanda ke ɗauke da ita yana iya zubo miliyoyi, alhali 'yan ƙalilan sun isa su kwantar da mutum. Takan ɗauki kamar kwana bakwai kafin ta bayyana. Da Yaya ta faɗi wannan sai na ga uwar yara ta ɗago ta dube ni.

Na ce mata wannan ai ciwon Turawa ne, masu wankan kwami. Ta ce in daina ruɗin kaina. Wani babban bincike da aka fitar a 2013, wanda aka yi a ƙasashe bakwai ciki har da Mali da Gambiya da Kenya, ya nuna kirifto na cikin ƙwayoyi huɗu da suka fi jawo mummunan zawo ga ƙananan yara, kuma a jarirai rota ce kawai ke gabanta. Rota an samo mata rigakafi, Najeriya ta shigar da shi cikin alluran yara na yau da kullum a 2022. Kirifto ba ta da rigakafi. Tana nan cikinmu, sunanta ne ba mu sani ba, mun laƙaba mata na haƙori.

Abin da ya fi ci min rai shi ne da ta gaya min abin da da an yi, in da na buɗe baki. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shimfiɗa, wadda masu irin wannan sana'a a ƙasashe da dama ke bi, ta bambanta kashi mai tauri da zawo. In mai tauri ne, a fitar da kowa, a kwashe, a tabbatar maganin ya kai ma'auninsa, a jira kamar rabin awa. In zawo ne kuwa, sai a ninka ƙarfin kulorin ɗin kusan sau goma, a rufe wurin kusan awa 13 injin tacewa na aiki. Kenan da na ce wa saurayin nan kalma biyar, da ya busa usur ɗinsa, yara sun fito, otal ya yi asarar cinikin yamma guda, ni kuma na sha kallo da 'yar tsaki. Iyakarta kenan. Wannan ɗan farashin ne na ƙi biya.

Da yaro ya samu sauƙi na koma na bi diddigin dokar da na raina, sai na tarar ba ƙirƙirar wani manajan Bauchi ba ce. Manyan jiragen ruwan shaƙatawa, irin waɗanda ke yawo da masu hutu a tekun Karebiyan, sun fi kowa tsanantawa a kanta. Ɗauki Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki a 2024: kwamin ninƙaya bakwai gare shi, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Mutum ya biya dubban daloli, amma in ɗansa na cikin ƙunzugu ba zai tsoma shi a babban kwami ba, ko da ya sa masa irin ƙunzugun da aka yi musamman don wanka. Dalili kuwa, wancan ɗin kashi mai tauri kawai yake ɗan riƙewa, ruwa-ruwa da ƙwayoyin cuta suna fita abinsu. Tun 1975 hukumar lafiyar Amurka ke da shirin duba tsaftar irin waɗannan jirage, masu bincike su hau ba sanarwa sau biyu a shekara, su ba da maki cikin 100, wanda ya gaza 86 ya faɗi. Jirgin da ke son jarirai su yi wasan ruwa sai ya gina musu nasu wuri daban, marar zurfi, da bututunsa da matatarsa daban, ruwan na bi ta wata fitila mai hasken da ke kashe kirifto. Jirgi gari ne da aka kulle a tsakiyar teku, in zawo ya ɓarke ba inda za a gudu. Amurkawan ma kuma da wuta a hannu suka koya. A 1998 a wani wurin wasan ruwa kusa da Atlanta, yara 26 suka kamu da mugun nau'in ikolai daga kwamin yara, ɗaya ta rasu. A 2007 jihar Utah ta ga mutum kusan 1,900 sun kamu da kirifto, har hukuma ta hana duk yaron da bai kai shekara 5 ba shiga wuraren ninƙaya na jama'a na ɗan lokaci. Wato saurayin da na yi wa tsawa yana riƙe ne da abin da aka saya da ran 'yar wani.

Kuma ni ɗan Bauchi ne, ban da hujjar cewa ban san abin da kashi a ruwa ke yi ba. A 2021, da amai da gudawa ya ratsa ƙasar nan har aka lissafa fiye da mutum dubu 100 da ake zargin sun kamu, jiharmu ce ta fi kowace yawa. Ina cikin masu tafasa ruwan sha a gida, ina cikin masu tsare 'yan ga-ruwa da tambayar daga ina suka ɗebo, ko na madatsar Gubi ne ko na rijiyar da ke maƙwabtaka da masai. Har wa'azi na yi wa wani maƙwabci a kan kwatarsa. A lokacin ƙazantar ta wasu ce, idona a buɗe yake. Da ta zama ta 'yata sai ta koma "ba komai".

Saura hujjar addini, wadda na fi alfahari da ita. Na kai ta gaban malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, na ba shi labarin kamar na wani abokina. Ya yi murmushi irin na wanda ya gane, ya ce abokin naka ƙaramin sani ya yi masa ƙuƙumi. Ya ce maganar launi da ɗanɗano da ƙanshi amsa ce ga tambaya guda: shin ana iya alwala ko wankan ibada da wannan ruwan? Ba ta zo don ta ba mutum izinin zuba ƙazanta a ruwan da jama'a ke ciki ba. Ruwa na iya zama mai tsarki ga mai alwala, alhali ya kwantar da mai sha. Ya tuna min hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu sannan a yi wanka a cikinsa. Ya ce kwamin otal ɗin nan, komai shuɗinsa, ruwa ne tsayayye, shi ɗin ne dai injin ke juyawa. Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya bawali da kashin yaro najasa ne da ake wankewa, namiji ko mace. Ya rufe da cewa ɓoyewar ta fi zubawar muni, don shari'a ta hana cutar da mutane, kuma wanda ya san akwai cuta a hanya ya yi shiru yana da kamasho. Na ce Allah ya gafarta Malam, zan isar wa abokin nawa. Ya ce, "Ka isar masa da kyau."

Sai da na yi kusan wata guda ina jan ƙafa kafin na koma otal ɗin. Ranar Talata ce, ba kowa a ruwan, saurayin na tsaye da doguwar sanda mai raga yana kwashe ganye. Ya gane ni, na ga kafaɗunsa sun ɗan ɗaga kamar mai jiran wani faɗan. Na yi masa sallama, na miƙa masa hannu, na gaya masa komai, har da ledar ƙarƙashin kujera. Na ce ya yafe min tsawar da na yi masa a gaban mutane.

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wallahi Yallaɓai na yi zargi. Da na ga ka naɗe ta har ƙafa. Amma ba ni da ikon in fitar da mutane ranar Sallah a kan zargi, bayan an riga an ce in ƙyale." Ya ce da daddare ya ƙara magani fiye da na kullum, iyakar abin da ya iya kenan. Na tambaye shi yaran da ke wurin ranar. Ya ce baƙin Sallah ne, kowa ya kama gabansa. Na nemi ganin babban da ya ba ni izini, na roƙe shi cewa gobe in wani mai babbar murya irina ya zo, ya tsaya bayan yaronsa. Ya yi dariyar jin nauyi ya ce in sha Allahu.

Sai a hutun ƙarshen shekara muka samu zuwa Yankarin. Ruwan Wikki na fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na digiri 31, rani da damina, kimanin lita miliyan 21 a kullum, garau har kana ganin yashin ƙasa, ya gangara ya faɗa kogin Gaji. Ba kulorin a ciki ko ɗigo, kuma shaiɗan ya so ya raɗa min cewa wannan ai mai gudu ne. Amma yana gudu ne zuwa wajen yaran da ke wasa a ƙasa da mu, inda ya fi rashin zurfi. Auta a lokacin ta fara zama a fo, sai dai ba kullum take faɗa ba. Mun taho mata da bahon roba daga gida. Na ɗebo ruwan da bokiti na cika mata a inuwa, can nesa da gaɓa, uwarta na gadin jakar abinci saboda birai. Ta yi ta dukan ruwan da tafi tana nuna yayyenta da yatsa tana kuka a kai ta. Da ta gaji na ɗauki bahon a ka, na hau matakalar nan mai tsawo ina haki, na je na juye shi a bayan gida.